DARASIN HALITTU: WALABI, MAI GOYO A GABA

Darasinmu na wannan fitowa ya kai mu ƙasar Ostareliya da tsibirin Niyu Gini, inda wata dabba take rayuwa mai suna walabi. Ƙanin kangaru ne, kamanninsu ɗaya, sai dai shi ƙarami ne. Yana da dogayen ƙafafun baya na tsalle, da gajerun hannuwa, da wutsiya mai kauri. Ciyawa da ganye yake ci. Wasu irinsa suna zama a kurmi, wasu a fadama, wasu kuma a tsaunuka kamar awaki.

A Larabci ana kiran danginsa "al-jirabiyyat", daga kalmar "jirab", wato jaka. Ɗalibai su lura, sunan ya kama ainihin abin. Iyayenmu mata a baya suke goyo da zane, ita kuwa uwar walabi an halicce ta da jakarta a gaba.

Cikinta kusan wata 1 ne kacal. Jaririn da take haifa bai wuce ƙwayar wake ba, nauyinsa bai kai giram 1 ba, babu gashi, babu gani. Amma a haka zai ja jiki da hannuwansa, ya bi gashin cikin uwar har ya faɗa jaka, ba tare da ta ɗauke shi ba. Da ya kama nono sai kan nonon ya kumbura a bakinsa, ba ya suɓucewa. Nan zai zauna wata 8 zuwa 9. In ya fara fita kiwo kuma aka haifi ƙaninsa, sai uwar ta riƙa fitar da nono iri biyu a lokaci guda: mai tsinkakke ga jariri, mai maiƙo ga yaye. Duk wanda ya karanta aya ta 6 a Suratu Hud, wadda ta yi magana a kan arzikin dabbobi, ya tsaya ya yi tunani a nan.

Sai kuma abin da ya fi ba mu mamaki. Mun saba jin tsofaffi suna cewa cikin wance ya kwanta. Likitoci ba su tabbatar da wannan ga 'yan Adam ba, saboda haka 'yar uwar da cikinta ya daina motsi ta garzaya asibiti. To amma ga walabi kwantaccen ciki gaskiya ne. Uwar tana ɗaukar sabon ciki jim kaɗan bayan haihuwa, sai ɗan tayin ya tsaya cak muddin yayansa yana maƙale da nono. A irin da ake kira tammar, yakan kwanta har wata 11 kafin ya tashi.

Ɓarnar da ta same shi kuwa daga hannun mutane ta fito. Turawan Ingila sun kai yanyawa da kyanwoyi Ostareliya, suka kuma share dazuzzuka don kiwon tumaki. Irin da ake kira toolache ya ƙare ƙaf. Ta ƙarshe da aka sani ta mutu a tsare a 1939. A watan Janairun 2020, bayan gobarar daji ta cinye abincin walabin tsaunuka a jihar New South Wales, sai da gwamnati ta sa jirage masu saukar ungulu suka riƙa zuba musu karas da dankali daga sama.