Ƙofar Motarka Tana Gogar Jiki? Dakata Kafin a Ɗauko Guduma

Motocin da ake jan ƙofarsu ta gefe sun yi yawa a Zuru: Sienna a gidajen masu iyali, Hiace da ake kira Homa a tasha, ga tsofaffin C20 da ƙananan Hijet masu jigilar mutane da kayan kasuwa. Hanyoyinmu kuwa ba sa raga wa ƙofa. Duk mai bin hanyar Ribah, ko ta Dabai zuwa Mahuta da Koko, ko mai zuwa Kontagora ta Rijau, ya san ƙurar rani da taɓon damina da gargadar da ke tsakani. Wata rana sai ka ja ƙofa ka ji ta yi ƙiii, ka leƙa ka ga dogon zane a fenti, tun daga bakin ƙofa har saman tayar baya.

Yawancinmu sai mu zarce wurin fanal bita ya ɗan taɓa ta da guduma. A ganina nan asarar take farawa. Galibi jikin motar lafiyarsa ƙalau, ƙananan rolar da ƙofar ke gudu a kansu ne suka cinye. Guduma ba ta gyara rola. In kuma motar tana da garanti, bugu ɗaya ya isa mai sayarwa ya ce ba ruwansa.

1. Daina jan ta da ƙarfi daga yau. Kowane ja yana ƙara zurfin zanen, yana kuma ƙara cin titin da rolar ke bi. In motar tana da ƙofa biyu, a koma amfani da ɗayar, a gaya wa uwargida da yara. In ƙofar lantarki ce, akwai maɓallin kashe ta kusa da sitiyari. Kashe shi, a riƙa buɗewa da hannu a hankali.

2. Ɗauki hoto kafin kowa ya sa hannu. Zanen da ke jiki, ratar da ke tsakanin ƙofa da jiki ta sama da ta ƙasa, lambar shasi, da adadin kilomitar da ke kan mita. Ka sa wani ya ja ƙofar a hankali kana ɗaukar bidiyo, don a ji ƙarar a ga daidai inda take taɓawa. Waya tana ajiye ranar da aka ɗauka, kuma wannan ranar ce shaidarka in gardama ta tashi.

3. Tantance wanda gyaran ya hau kansa. Nan ya kamata a fi tsayawa, domin motocin da ke hannunmu ba hanya ɗaya suka biyo ba.

In sabuwa ce fil daga wakilin kamfani, irin waɗanda makarantu da majami'u da ƙungiyoyi da ma'aikatu ke saye, tana da littafin garanti. Kamfanoni da yawa suna ba da shekara 3 ko kilomita 100,000, duk wanda ya riga cika, amma abin da ke rubuce a littafinka shi ne hujja. Ƙofar da ta fito daga masana'anta ba a saita ta daidai ba, ko rolar da ta mutu tun ba a je ko'ina ba, aibin ƙira ne, gyaransa na kansu. Sai dai wakilan nan suna manyan birane irin su Abuja da Kano, tafiyar kuma ba kusa ba ce daga Zuru. Wannan nisan ne ke sa mutum ya ce bari bakaniken unguwa ya ɗan duba. Kada ka yarda. Kira su, tura musu hotunan, ka nemi su ba ka rana a rubuce, ko da ta saƙon waya ne. In ka isa, ka tabbata an rubuta abu biyu a takardar aiki: ƙofar da ke goga, da fentin da ta ɓata. Sau da yawa sai a saita ƙofa a bar maka zanen. Za su iya cewa hanya ce ta cinye rolar, ko lodi ya yi yawa, domin garanti ba ya ɗaukar abin da amfani ya cinye. A nan ne littafin sabis mai hatimi da hotunan farko za su tsaya maka.

In 'yar Beljiyam ce ko 'yar Kwatano, garantin Amurka ko na Turai bai biyo ta ba, yawanci ma ya daɗe da ƙarewa. Abin da ya rage shi ne tsakaninka da mai filin sayar da motoci. Akwai dokar tarayya ta kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019, ita ce ta kafa hukumar FCCPC. Dokar ta ba mai saye damar mayar wa ɗan kasuwa kayan da suka fito da aibi cikin wata 3 da karɓarsu, shi kuma ya gyara, ko ya canja, ko ya mayar da kuɗi. Ana iya kai wa hukumar ƙorafi ta intanet. Amma ba rasit, ba takardar ciniki, da me za ka tunkare su? Kuma tsohuwar mota ce ka saya. Ƙofar da kowa ya ji tana ƙara ranar ciniki, ka ji ka biya, da wuya ka dawo daga baya ka ce ɓoye maka aka yi.

In kuwa daga hannun wani ka saya ta hanyar dillali, shaidun ciniki su ne garantinka. Malaman fiƙihun Malikiyya sun yi bayani a kan irin wannan: aibin da ke jikin kaya tun kafin ciniki, wanda mai saye bai san da shi ba, yana ba shi zaɓin mayarwa, amma in ya gani ya yi shiru ya ci gaba da mora, ana ɗaukar shirun nan a matsayin yarda. Saboda haka ranar da ka gani, ranar za ka je. Ba da faɗa ba: “Alhaji, ga abin da na tarar a ƙofar nan, ban bari kowa ya taɓa ta ba, na ce bari in fara kawo maka ka gani da idonka.” Magana irin wannan a gaban dillali ta fi saurin kai ku ga raba kuɗin gyara.

4. Gano wace rola ce ta ci. Ƙofar ja tana rataye ne a wuri 3: rolar sama a ƙarƙashin rufi, rolar ƙasa a ƙarƙashin matakala, da rolar tsakiya mai bin dogon titin da ke jikin mota ta waje, ƙasa da gilashin baya. Ta tsakiya ita ke riƙe da bayan ƙofa, ita ce kuma ruwa da ƙura suka fi samu.

Tsayar da motar a wuri mai shimfiɗa. Buɗe ƙofar rabi, kama bakinta na baya da hannu biyu, ɗaga sama ka saki. In ta yi ƙwas-ƙwas tana wasa, boris ɗin rolar tsakiya ko ƙusar maƙallinta ta cinye, shi ya sa ƙofar ta sunkuyo tana shafar jiki. Sannan kama gindinta ka ja waje ka tura ciki. In nan wasan yake, ta ƙasa ce. Rufe ƙofar ka ja da baya taku biyar ka dubi layin da ya ratsa gefen mota daga ƙofar gaba zuwa baya. Ya kamata ya tafi a miƙe. In ya karye a ƙofar ja, ta sauka.

Akwai dabarar alli. Goga alli a kan zanen, ja ƙofar sau ɗaya a hankali, sannan duba cikinta ka ga inda farin ya kama. Wani lokaci za ka tarar ba rola ba ce sam: kwalin cikin ƙofa ne ya ɓalle, ko robar baki ta zame, ko kan wani sukurun da aka ɗaura ya fi na asali tsawo. A Sienna kuma a duba murfin tankin mai. An yi ƙofar hagu da wani abin tarewa da ke hana ta buɗewa duka idan murfin yana buɗe. In abin ya lalace, sai ta riƙa cin murfin.

5. Share titunan uku. Na ƙasa shi ne matattarar komai: tsakuwa, ƙwayar masara da dawa, murfin kwalba, busasshen taɓo. Tsohon burushin haƙori da tsumma mai ɗan kananzir sun isa. Tsakuwa ɗaya tak tana iya ɗaga rola daga hanyarta.

6. Kada a cika titi da giris, kada kuma a zuba baƙin mai. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a garejinmu, kuma a garin ƙura cutarwa take yi. Giris mai kauri yana kama yashi, cikin mako biyu ya zama kamar sanfefa yana cin rola da titi tare. A sa ɗan kaɗan a cikin boris da wurin da maƙalli ke juyawa, a goge ragowar. Titin kansa a bar shi tsaf. Robar bakin ƙofa kuma man silikon na feshi ne nata, domin man inji yana kumbura roba.

7. In motar ba ta cikin garanti kuma rolar ta mutu, canja ta za a yi, ba walda ba, ba cusa washa ba. Je da lambar shasi ko da tsohuwar rolar a hannu, domin ta hagu daban ta dama daban, ta ƙofar lantarki kuma ba ɗaya take da ta hannu ba. Sau da yawa 'yar Beljiyam ta asali mai lafiya ta fi sabuwar jabu daɗewa. Juya ta da yatsa, in tana ƙara ko tana tsayawa, ajiye musu.

Tsaya a wurin lokacin aikin. Kafin a kwance noti, a zagaye maƙallin da maka don a san inda yake tun asali. A tallafe ƙofar da jak da guntun katako da tsumma, wani kuma ya riƙe ta, domin tana da nauyi, in ta kuɓuce za ta lanƙwasa rolar sama ta ƙara maka aiki. Ramukan notin dogaye ne da gangan, don a iya matsar da ƙofa sama ko ƙasa, ciki ko waje. A matsa milimita 1 ko 2, a ɗaure, a gwada, maƙalli ɗaya bayan ɗaya. Ƙarfen da makulli ke kamawa shi ne na ƙarshe da za a taɓa. Wasu sukan ɗaga shi don ƙofar ta hau ta rufu, sai ka ga a rufe ta yi daidai, a buɗe kuma tana nan tana goga. In bakanike ya ce, “Maigida, bari in ɗan buɗa mata da ƙarfe,” ka ce masa, “Malam, a fara da sifana tukuna.”

8. In an sa sabuwar rola, an saita, har yanzu tana taɓawa, to sai a zargi jiki. Motoci da yawa da ake shigowa da su sun taɓa yin haɗari. Naɗe mayen ƙarfe a ƙyalle ka bi gefen motar da shi. Inda ya ƙi kamawa sosai, an cike wurin da fila. Titin da ya lanƙwashe ko ginshiƙin da ya matsa, wannan kam aikin fanal bita ne, kuma a nemi wanda ke aunawa da ɗayan gefen kafin ya buga.

9. Masu Sienna ta 2011 zuwa 2016 su ƙara kula. A Nuwamban 2016 kamfanin Toyota ya yi kiranyen irin waɗannan motoci kimanin 744,000 a Amurka. Dalili shi ne in wani abu ya tare ƙofar lantarki tana buɗewa, injinta na iya ɗaukar nauyin da zai ƙona fis, in kuma hakan ta faru makulli bai kama ba, ƙofar na iya buɗewa ana cikin tafiya. Sa lambar shasinka mai haruffa da lambobi 17 a shafin hukumar NHTSA ta Amurka, zai nuna maka ko akwai kiranyen da ba a yi wa motarka ba. A tsofaffin Sienna na 2004 zuwa 2010 kuma wayar da ke jan ƙofa ce ke tsintsinkewa. In ka ga zarenta ya fara fita, kashe lantarkin kafin ta tsinke ta naɗe a ciki.

10. Ƙofar da ba ta kama sosai ba, kada a ɗauki yara da ita. Ɗaure ta da igiya ko robar taya ba gyara ba ne. Akwai ɗan makullin yara a bakin ƙofa, a tura shi. Masu motar haya kuma su hana yaron mota lilo a jikin ƙofa yana kiran fasinja, su daina tafiya da ita a buɗe a kan gargada, domin a buɗe nauyinta duka yana kan rola, ba makullin da ke taya su. Garinmu na tudu da gangare ne. In ka tsaya hancin mota yana kallon sama, riƙe ƙofar har ta kai ƙarshe, kada ka sake ta ta buga.

11. Fenti sai ƙofa ta daina taɓawa, amma kada a bar ƙarfe tsirara damina ta same shi. In zanen ya kai ƙarfe, a wanke, a goge da sanfefa mai laushi, a shafa jan fenti mai hana tsatsa ko da na wucin gadi ne. A motocin Toyota irin Sienna lambar launi tana kan takardar da ke manne a ginshiƙin ƙofar direba, kusa da haruffan C/TR. Ba wa mai fenti ita ya haɗa da ita, kada ya haɗa da ido. In motar tana cikin garanti, ko wannan ma kada ka yi sai wakilin ya gani.

12. Ranar karɓar mota, gwada ƙofar a gaban wanda ya yi aikin: daga ciki, daga waje, a shimfiɗa, a kan gangare, sannan da mutane a zaune, domin jikin mota yana ɗan sauyawa in ya ɗauki nauyi. Manna salatif na takarda a inda take gogawa da, ka ja ta sau da yawa ka ga ko ya karce. Karɓi tsohuwar rolar in kai ka biya, a rubuta maka abin da aka canja da kwanan wata. Bayan mako guda a kan hanya ka koma a sake bin notocin da sifana, domin gargada tana sassauta sabon ɗauri.