Launin Fentin Banɗaki: Shawara ga Mutanen Miga

Maigida, in za ka yi wa banɗaki fenti, nemi launin da ke tsakanin ruwan toka da ruwan ƙasa. Fari tas ba ya jure ƙurar hunturu da fallatsin ruwan wanka, wannan kuwa yana ɓoye dauɗa.

A yankin kogin Haɗeja bango na shan laima da damina, don haka bari shafen siminti ya yi kamar mako 4 yana bushewa. Daga ƙasa zuwa ƙugu a sa fentin mai, sama kuma fentin ruwa. Kafin ka sayo bokiti a Dutse, shafa kaɗan ka duba da rana da kuma a hasken fitila. In babu taga, ɗauki mai haske.