Yini Guda a Kwarin Swale: Darasin Labarin Ƙasa

Sa'ad da aka rarraba mu gwajin koyarwa, wata rana muna ba 'yan aji huɗu labarin Ingila, mun jera musu sunayen birane da koguna a allo suna maimaitawa, sai wani yaro daga can baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, wai Turawa suna noma?" Aji ya fashe da dariya. Muka ce masa i, suna yi, muka wuce. Amma da muka koma masauki abin ya tsaya mana a rai, gama yaron ya fi masu dariyar gaskiya. Wanda duk abin da aka gaya masa na wata ƙasa birane ne da masaƙu da jiragen ruwa, ina zai sami wurin da zai sa manomi a cikinta? Laifin namu ne. Sabo da haka muka shirya wannan darasi, muna fatan 'yan'uwa su gyara inda muka kuskure. Maimakon ƙasar duka mun ɗauki kwari guda, da yini guda, da tafiyar ƙasa wadda ba ta wuce mil 6 ba. Taswira ce dokinmu.

Wurin da za mu yana arewacin Ingila, cikin ƙasar Yorkshire, inda duwatsun Pennine suka rarrabu kwari kwari, ko wane kwari da koginsa. Namu shi ne na kogin Swale. Mu ɗauka yau ƙarshen watan Yuni ne, tsakiyar lokacin zafinsu. Abu na fari da za ku gaya wa yara shi ne tsawon yinin. Rana ta fito tun wajen ƙarfe 4 da rabi, ba kuwa za ta faɗi ba sai kusan ƙarfe 10 na dare, watau hasken sa'a 17 ke nan. A Kano ba ta taɓa cika sa'a 13. Musulmin da watan azumi ya riske shi can a irin wannan lokaci, sai mu ce Allah ya ba shi lada. Amma bashi ne rana ta ba su, a watan Disamba za ta karɓi abinta, yini ya koma sa'a 7 da 'yan mintoci, ƙanƙara ta rufe tuddai. Ku riƙe wannan da kyau, don kusan duk abin da za mu gani a hanya shirin wancan lokaci ne.

Daga ƙauyen Muker za mu tashi. Ƙaramin gari ne, gidajensa na dutse, rufinsu ma na dutse ne, duk launin toka. Ko da ya ke gari ya waye garau, kowa ya ɗauki rigar ruwa, gama hadarin ƙasar ba shi da alkawari. Da fita bayan gari sai mu faɗa cikin waɗansu filaye masu ciyawa har gwiwa, cike da furanni, rawaya da fari da shuɗi. An shimfiɗa falalen duwatsu a tsakiya, mutum guda guda ke bi a jere, ba a yarda kowa ya ratse ba. Baƙo ya ce wannan tsanani ya yi yawa a kan ciyawa. To, ga amsar yaronmu. Wannan ciyawa ita ce gonar. Tudun nan ya cika sanyi da ruwa, alkama ba ta yin kirki a kansa, sai manomin ya mai da hankalinsa ga abin da ƙasar ta ke so. Mu nan manomi ya kwana uku bai ɗauki fartanya ba ciyawa ta ci masa gero, can kuwa ita a ke sa wa taki, a tsare ta daga dabbobi tun daga watan Mayu, a yanke ta a watan Yuli, a shanya, ta zama ingirici. Wanda ya tattake ta kamar wanda ya sa jaki cikin dawar wani ne.

A cikin furannin nan akwai wani mai rawaya wanda ya kamata mu tsaya kansa. Saiwarsa ta kan kama saiwar ciyawa ta tsotse ta, kuma masana tsirrai sun sa shi dangi guda da ƙudujin da ke kashe mana dawa. Abin mamaki, can ba a ƙinsa ƙwarai, don raunana ciyawar da ya ke yi shi ke ba sauran furanni sarari su tashi. In 'ya'yansa suka nuna su kan yi ƙara cikin kwansonsu kamar caki, mutanen dā kuwa da wannan ƙara su ke gane lokacin yanka ya yi. Irin waɗannan filaye sun yi ƙaranci yanzu. An ƙiyasta tun daga wajen 1930 Ingila ta rasa 97 cikin 100 nasu, sabo da takin zamani da yankan wuri. Na Muker suna cikin 'yan kaɗan da suka saura, a kan biya manoma kuɗi don su jinkirta yanka har furanni su zubar da iri.

Yanzu ku ɗaga kai ku duba kwarin. Kusan ko wane fili an kewaye shi da katangar dutse, kuma kusan ko wane fili da ɗan ɗakinsa na dutse tsaye shi kaɗai, ba kowa ciki. Katangun ba yumɓu ba siminti. Jeri biyu a ke ginawa, gindi da faɗi, sama da tsuke, a cika tsakani da tsakuwa, a riƙa gitta dogayen duwatsu su ɗaure jerin biyu. Nauyinta ne kaɗai ke riƙe da ita, ga shi kuwa ta kan shekara ɗari tana tsaye. An ce in an haɗa katangun wannan yanki duka za su kai mil 5,000. Inda hanya ta ratsa katanga an bar 'yar tsaga wadda mutum zai matsa ya wuce, saniya ba ta iyawa. Mai ƙiba ma sai ya yi da gaske.

Ɗakunan nan su ne suka fi ba mu sha'awa cikin darasin duka. Yawancinsu an gina su tsakanin 1750 da 1850. Gefe guda na ingirici ne, gefe guda na shanu huɗu ko biyar. Daga Nuwamba har Mayu shanun suna ɗaure a ciki, mai su ya zo safe da maraice, ko ana ruwa ko ana ƙanƙara, ya ba su abinci, ya shayar da su, ya tatsa. Da sanyi ya wuce sai ya kwashe kashin da suka tara ya watsa a filin nan da ɗakin ke ciki. Ku tambayi yara, don me bai gina babban ɗaki guda a gida ba? Ku bar su su yi ta laluba. Amsar ita ce, a ƙasa mai gangare wadda ba mota, ɗaukar ingirici zuwa gida da komo da taki gona aiki ne mai karya baya. Sai ya ga gara shi ya riƙa zuwa wurin shanu da ƙafarsa, ciyawa da taki su zauna inda su ke. Duk ɗan da ya taɓa bin jaki da mangalar taki zuwa gona zai gane wannan dabara nan da nan. Yau dai tarakta ta canja lissafin. Ana ɗaure ciyawa manyan dammuna a kai gida, ɗakuna da yawa sun zama wofi, waɗansu rufinsu ya rufta.

Bayan filayen sai mu haye kogin ta wata 'yar siririyar gada, mu juya arewa, ruwa yana hagunmu. Ruwan ja-ja ne kamar shayi, sabo da baƙar ƙasar da ya ratso a kan tudu. Kada ku ga ya kwanta ku raina shi, yana cikin kogunan Ingila masu saurin cika, in an yi ruwa a bisa kafin ka ankara ya tumbatsa. Ƙetarensa ga dutsen Kisdon, tsayinsa ƙafa 1,600 da 'yan kai, ya ware shi kaɗai, kwari ya kewaye shi. Masana sun ce dā ta yammacinsa kogin ke bi, sai tarin ƙasa da duwatsun da ƙanƙarar zamanin dā ta bari suka toshe masa hanya, ya fasa wannan kwazazzabo ta gabas.

Muna cikin tafiya sai ƙasa ta sāke fuska. A bakin wani rafi da a ke kira Swinner Gill ga kangaye, ga tarin tsakuwa wanda ko ciyawa ba ta fitowa a kansa, ga bakunan ramuka sun shige cikin dutse. Nan aka haƙi dalma. Shekaru ɗaruruwa dalma ce arzikin wannan kwari, har ta fi kiwo. Maza su shiga rami da 'yar fitila, ƙura ta cika musu huhu, da yawa ba su kai tsufa. Wata dabararsu ita ce su datse ruwa a kan tudu, sa'an nan su sake shi gaba ɗaya ya kware ƙasa, jijiyar dalma ta bayyana, tabon yana nan har yau. Ladan bai isa ba, don haka mahaƙi ya kan riƙe ɗan fili da saniya guda ko biyu, wannan yana cikin dalilan da filayen suka zama ƙanana. Maza da mata duka suna saƙar safa da ulu don sayarwa, har a kan hanyar zuwa rami a ke saƙa. Daga wajen 1880 dalma mai araha ta riƙa shigowa daga Sifen, kuɗinta ya faɗi, ramuka suka rufe ɗaya bayan ɗaya. Mutane suka watse, waɗansu masaƙun auduga na Lancashire, waɗansu ramukan kwal na Durham, waɗansu har Amurka. Can bisa kanmu akwai kangon wani gida, Crackpot Hall, wanda masu shi suka bari bayan 1950 don ƙasar da aka rarake a ƙarƙashinsa ta motsa. Mun so a ce duk garin da ya dogara ga rami guda a kawo dattawansa su zauna nan rabin sa'a.

Kusa da Keld za mu ci guzurinmu, a gindin wani wuri inda rafi ke faɗowa daga kan dutse hawa hawa. Irin wannan da yawa a nan, dalili kuwa duwatsun a jere su ke kamar shafin littafi, mai tauri bisa mai taushi, ruwa ya cinye mai taushi ya bar mai tauri kamar matakala. Keld kanta ba ta fi gidaje kaɗan ba. Sunanta daga bakin mutanen Norwe ya fito, waɗanda suka zauna nan da dabbobinsu fiye da shekara 1,000 da suka wuce, ma'anarsa idon ruwa. Muker kuma a bakinsu siririyar gona ke nan. A nan manyan hanyoyin ƙafa biyu suka gicciye, guda ita ce ta Pennine wadda aka buɗe a 1965, tsawonta mil 268, ɗayar kuwa ta ratsa ƙasar daga teku zuwa teku. Za ku ga mutane da jakunkuna a baya suna tafiya ba fatauci ba biki, don sha'awa kawai. Shari'ar ƙasar ta ba kowa ikon bin tsofaffin turobi ko da sun ratsa gonar wani, muddin bai kauce ba, ya kuma rufe ƙofa a bayansa. Tun 1954 aka sa yankin cikin wuraren da hukuma ke tsarewa. Baƙin suna kawo kuɗi, gaskiya ne, amma gidaje da yawa sun zama masaukin 'yan hutu, samarin gari ba su iya sayensu. Mu da ke koyon malanta ba za mu wuce ba mu faɗa ba: makarantar Keld da ta Muker duka an rufe su don ƙarancin yara, ta Muker ma ta zama kanti.

Komowa ta kan Kisdon za mu yi, nan ne gumi zai zubo. Wannan turba tana da tarihi. Kafin 1580 ba maƙabarta a wannan sashi na kwarin, in mutum ya mutu a Keld sai a sa shi cikin makara ta saƙar itace, a ɗauke shi a kafaɗa har Grinton, wajen mil 16, tafiyar da kan ci kwana biyu. An ajiye falalen duwatsu a hanya inda masu ɗauka za su sauke su huta, guda yana nan har yanzu kusa da gadar Ivelet. Mu da muka saba a rufe mamaci kafin rana ta juya, abin da nauyi a zuciya. A shekarar nan ta 1580 aka keɓe majami'a da maƙabarta a Muker, wahalar ta ragu.

Daga bisa za mu hangi manyan tuddai inda katangu suka ƙare, sai fili fetal da iska da tumaki. Tumakin suna da ƙaho, har matan, fuska baƙa, baki fari, gashi mai kaushi wanda ruwa ba ya ratsawa da sauƙi. Ba makiyayi a bayansu, ba shinge, amma garken wannan ba ya shiga wurin na wancan. Tunkiya ta san iyakar wurinta, ta san inda za ta fake in iska ta taso, a wurin uwarta ta koya, ita kuma ta koya wa 'yarta. Shi ya sa da ciwon boru ya faɗa wa Ingila a 2001, aka karkashe dabbobi fiye da miliyan 6, babban tsoron masu kiwon tudu shi ne kada a taɓa irin waɗannan garkuna. Tunkiya ana sayenta a kasuwa, sanin dutsen kuwa ba mai sayar da shi.

Ta dama, can ƙasa, ga ƙauyen Thwaite, mahaifar Richard da Cherry Kearton, waɗanda ke cikin na farko da suka ɗauki hoton tsuntsaye a sheƙarsu. A makarantar Muker ɗin nan da aka rufe suka yi karatu. Daga nan sai gangara, gwiwa tana rawa, har mu sauko bayan garin da muka tashi.

In da tafiyar tamu ta ƙara mako uku, ta faɗa tsakiyar Yuli, da mun tarad da filayen nan an kwantar da su, ƙanshin ɗanyar ciyawa ya cika kwarin. Ingirici yana bukatar kwana uku ko huɗu na rana a jere, abin da ƙasar ba ta cika bayarwa ba. In ruwa ya dake shi a shanya ya yi baƙi, ya ruɓe, mai shi ko dai ya sayi abincin dabbobi da tsada ko ya rage garke kafin sanyi. Don haka ba mai zama. Ƙarfe 9 na dare ya wuce, rana tana kan dutse tukuna, tsoho da yaro da maƙwabci duk suna fili suna lodi, ko wane ɗan lokaci wani ya ɗaga kai ya dubi yamma, inda hadarinsu ke fitowa.