Ina ruwan rini yake zuwa?

Zinder gari ne na duwatsu, ruwa yana da wuya a cikinsa. Ƙarancin ruwa yana cikin dalilan da suka sa aka mai da babban birnin Nijar Yamai a 1926. Mutanen Damagaram sun san darajar ruwa tun kaka da kakanni.

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Damagaram. A marina ana haƙa rami mai zurfi, sunansa karofi. Marini yana zuba ruwa da baba da toka a ciki, yana motsawa kwana da kwanaki har ruwan ya nuna. Sa'an nan ya tsoma zane, ya fitar, ya sha iska, ya zama shuɗi.

Idan ruwan karofi ya tsufa, ana ce da shi dagwalo. Sai a kwashe shi, a tono laka da ta kwanta a ƙasan ramin. Wannan laka ita ce katsi. Marina ba su zubar da katsi. Suna cura shi, su shanya, su ƙona. Wani a mai da shi cikin sabon karofi. Wani kuma magina su gama shi da gashin awaki daga majema da ruwan dafara, su yi laso. Da laso ake shafe soro don kada ya yi yoyo, da shi ake shafe karofi don kada ruwansa ya tsiyaye cikin ƙasa.

A 1897 wani kamfani na Jamus ya fara sayar da shuɗin rini na masana'anta. Yanzu masu rina shadda suna aiki da garin rini na kanti da soda. Aikin ya fi sauri, amma ruwansa yana da guba. Yana ƙona hannu. Idan aka zuba shi a titi, ruwan sama yakan kai shi tabki, inda dabbobi suke sha, yara suna wanka. Yana iya bi ta ƙasa ya shiga rijiya.

Marini mai hankali yana gina rami da siminti nesa da rijiya. Yana tara ruwan a ciki har dauɗar ta kwanta, ya tace shi da tsakuwa da yashi da gawayi. Ruwan ɗauraya kuma ya sake aiki da shi. Ko an tace, ba a sha, ba a ba dabba.

Tambayoyi
1. Mene ne katsi? Wane amfani ake yi da shi?
2. Don me ake shafe karofi da laso?
3. Ta wace hanya ruwan rini yake shiga tabki?

Aiki
Ku je marina mafi kusa tare da malaminku. Ku tambayi marini inda yake zuba ruwansa, ku zana hanyar da ruwan yake bi.