Darasi: Yadda Ake Yi wa Robar Mota da Babur Fenti a Gida

Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya kankama a ƙasar Kura da Bunkure da Kadawa. Kwandunan tumatir da buhunan shinkafa kuwa ba su da ƙafa, sai mota da babur ne ke fito da su daga gona zuwa kasuwa irin ta Kwanar Gafan. Hanyoyin bakin kwata ƙunci gare su, ga ƙaya, ga gogar kwando. Kafin kaka ta ƙare, sai a ga bambar mota da murfin gefen babur duk sun ƙuje, rana kuma ta kashe launinsu.

A da, bambar mota ƙarfe ce. Fijo 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna bayan buɗe kamfanin a 1975, da bambar ƙarfe ta zo. Motocin da suka biyo baya kuwa roba ce a gabansu da bayansu. Nan ne mutane da yawa ke asarar kuɗinsu. Mutum zai sayi gwangwanin fenti na feshi, ya fesa wa roba kamar yadda ya ga ana yi wa ƙofar ƙarfe. Ranar farko abin gwanin sha'awa. Bayan 'yan makonni fentin ya fara ɓarewa kamar ɓawon albasa, sai ya ce an sayar masa da jabu. Sau da yawa ba laifin fentin ba ne, robar ce ba a shirya ta ba.

A fara sanin irin robar

Roba iri-iri ce, kuma masu ƙera ta sukan buga sunanta da haruffan boko a bayanta. Wannan wuri ne da karatun yaƙi da jahilci zai yi wa mutum rana. A kwance bambar, a juya cikinta, a nemi haruffan. Idan an ga PP, ita ce robar da aka fi yin bambar mota da ita. Tana da santsi kamar an shafa mata mai, kuma fenti ba ya kama ta sai an fara fesa mata wani ruwa na musamman, wato firamar roba. Firamar ƙarfe ba ta maye gurbinta, ko da mai kanti ya ce duk ɗaya ne. Idan kuma an ga ABS, wadda aka fi samu a jikin babur, ita fenti yana kama ta da sauƙi, amma tana tsoron tina. Tina mai ƙarfi tana narkar da fuskarta, har ta sa ta tsattsage. Saboda haka kada a goge ta da tina ko fetur.

Ana samun firamar roba da sauran kayan aikin a wurin masu sayar da fentin mota a Kano, misali a kasuwar Ƙofar Ruwa. Mai saye ya faɗi haruffan da ya gani, ko ya rubuta su a takarda ya tafi da su.

Wanki da guga su ne rabin aikin

A wanke robar ciki da waje da garin sabulu da ruwa mai ɗumi, a ɗauraye, a sake wankewa. Maiƙo kaɗan, ko na yatsa ne, ya isa ya hana fenti zama. Mai mota da ya saba shafa wa bambarsa baƙin mai ko man ƙyalli don ta yi sheƙi, shi wankinsa sai ya kai sau uku.

Daga nan sai guga da samfefa. A bayan kowace samfefa akwai lamba, kuma yawan lambar shi ne laushinta. Mai lamba 400 zuwa 600 ita ta dace. Mai kaushi irin ta kafinta tana tayar wa roba da gashi, fenti kuma ba zai rufe shi ba. A riƙa jiƙa samfefar da ruwa ana gogawa a hankali har sheƙin robar ya mutu gaba ɗaya, musamman a lungu da gefe, don daga nan ɓarewa ke farawa. A ɗauraye, a bar ta ta bushe sarai.

Feshi

Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Ranar da iskar hunturu ke kaɗawa, ko ana casar shinkafa a kusa, a haƙura. Ranar da hadari ya haɗu ma haka, domin laima tana dusashe fenti. A zaɓi safiya mai sanyi, a inuwa, a wurin da iska ke wucewa, a yayyafa wa ƙasa ruwa.

A girgiza gwangwani na minti 2. A riƙe shi nesa da robar kamar kamu ɗaya, wajen santimita 20 zuwa 25, hannu yana tafiya daga gefe zuwa gefe ba tsayawa. Firama ake fara fesawa, shafi mara kauri. Sannan fenti, shafi 2 ko 3, a riƙa barin kamar minti 10 a tsakani, ko abin da aka rubuta a jikin gwangwanin. Shafin farko ba zai rufe ba, kuma ba a so ya rufe. Mai gaggawa da ya tsaya wuri ɗaya zai ga fentin yana zuba kamar hawaye, sai kuma an jira ya bushe an sake gugar wurin. Bayan an gama, a bar robar kwana ɗaya kafin a ɗaura, a kuma yi mako guda ba a wanke ta da sabulu ba.

Tururin fenti yana cutar da huhu, kuma yana kamawa da wuta. Kada a yi aikin a ɗaki, ko kusa da murhu, ko a gaban yara da mata masu juna biyu. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ƙura kawai yake tarewa, ba ya tare tururi. Akwai kuma fentin da ake haɗawa da ruwan ƙarfafawa kafin a fesa da inji. Wannan gubarsa ta fi ƙarfi, a bar wa masu sana'ar fentin mota da ke da kayan kariya. Famfon feshin maganin ƙwari na gona ba na fenti ba ne.

Ruwan wankin da ragowar fentin kada su shiga kwata, domin ruwan nan shi ke shiga gonakin na ƙasa, shi dabbobi ke sha. Gwangwanin da ya ƙare kuma kada a jefa shi a wuta, fashewa yake yi.

Wanda zai canza launin motar gaba ɗaya, ya tuna cewa takardunta na ɗauke da launinta na asali, sai ya fara zuwa ofishin lasisi a gyara.