Ga Mai Son Gauraya Kiɗa

Ɗana, na ji kana son haɗa kiɗa iri-iri wuri guda, kuma wasu na cewa za ka ɓata gado. Ba zan hana ka ba. Ina dai so ka san yadda Astor Piazzolla, mutumin Ajantina, ya yi da kiɗan tango kafin ka ɗora hannu.

An haife shi a Mar del Plata a 1921, ya tashi a New York, inda jaz ya cika masa kunne. Mahaifinsa ya saya masa bandoniyon, abin kiɗan nan mai zugazugi da maɓallai wanda ya zo daga Jamus ya zama muryar tango. A 1939 ya shiga ƙungiyar Aníbal Troilo, ya kwashe shekaru yana yi wa masu rawa kiɗa cikin dare, da rana kuma yana ɗaukar darasin tsara kiɗa wajen Alberto Ginastera. Ka lura, gida biyu ya yi wa almajirci, kuma bai tsallake ko ɗaya ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne zuwansa Paris a 1954 wurin malama Nadia Boulanger. Ya kai mata kiɗan da ya rubuta irin na Turawa, ya ɓoye mata cewa shi ɗan tango ne, don yana ganin abin kunya ne a gaban manya. Ta duba takardun, ta ga gwaninta amma ba ta ga mai su a ciki ba. Da ta matsa, ya kaɗa mata tangonsa mai suna Triunfal, nan take ta nuna masa cewa wannan ne nasa, kada ya sake shi. Ɗana, malamin kirki ke nan: ba ya raba ka da gidanku.

Ya koma Buenos Aires a 1955 ya kafa ƙungiyar mutum 8, har da jita mai lantarki. Masu riƙe da tsohon salo suka yi masa ca, suka ce ya kashe tango, tunda yanzu sai a zauna a saurara, ba a rawa. Zargin ya yi masa zafi, kai ma naka zai yi maka. Ka saurari masu sukar da ladabi, don son abin ne ya sa su magana.

Daga baya manyan jaz da na kiɗan Turai suka neme shi. Ya yi faifai da Gerry Mulligan, Ba'amurke mai busa saksafon, a Milan a 1974, ya hau dandali da Gary Burton a Montreux a 1986, ya rubuta wa Rostropovich Le Grand Tango a 1982. Ka nemi faifan Mulligan ɗin ka saurara da natsuwa, sau biyu ko uku. Kusan duka kiɗan da ke ciki Piazzolla ne ya tsara shi, kuma za ka ji saksafon ɗin Ba'amurken yana bin takun tango.