Lissafin Cikowa da Janyewar Teku Kafin Fita da Ƙaramin Jirgin Ruwa

Matsalar da ta fi addabar masu fita yini guda da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, wato wanda ake ɗaura wa faffaɗan ƙyalle a jikin doguwar sanda domin iska ta tura shi, ita ce rashin lissafin cikowa da janyewar teku. A mafi yawan gaɓoɓi ruwa yakan ciko sau biyu a yini, da tazarar kimanin awa 12 da minti 25, kuma ƙarfinsa yana bin wata, domin ya fi tsanani jim kaɗan bayan tsayuwar wata da kuma bayan daren sha huɗu.

Mashigin Solent, wanda ya raba tsibirin Wayit da kudancin Ingila, ya isa misali. A ƙofarsa ta yamma, kusa da ganuwar Hurst, gudun ruwa yakan kai kusan kilomita 7 a awa, alhali ƙaramin jirgi bai cika wuce kilomita 9 ba, saboda haka matuƙin da ya tunkari ruwan yana iya shafe awanni bai gusa ba. Abin ya fi muni idan iska ta fuskanci gudun ruwa, domin a nan ne igiyoyi suke miƙewa tsaye kusa da kusa, su yi ta jijjiga jirgi, ko da kuwa iskar ba mai ƙarfi ba ce. A tsakiyar mashigin kuma akwai tudun yashi na Bramble, wanda yake bayyana idan ruwa ya janye sosai, har wani katafaren jirgin ruwa mai suna QE2 ya taɓa maƙalewa a kansa a shekarar 2008.

Abin da ya wajaba shi ne matuƙi ya buɗe jadawalin cikowar teku tun da dare, ya tsara fitarsa ta bi ruwa, sa'annan ya ƙayyade lokacin juyowa gida da sa'ar da ruwan zai juya, ko da hakan ya rage masa yawo. Akwai ƙa'idar da ake koya wa ɗalibai, wadda take cewa rabin ruwan yana shigowa ne a awa ta uku da ta huɗu daga fara cikowarsa, amma dogaro da ita a Solent ganganci ne, tun da a yankin Southampton da ke kusa da mashigin ruwa yakan cika, ya ɗan sauka, ya sake cika kafin ya janye da sauri. Ya kuma kamata kowa ya sa rigar kariya daga nutsewa, a bar rediyon jirgi a tasha ta 16 da ake neman agaji ta cikinta, a kuma sanar da wani a tudu lokacin da ake sa ran dawowa.